Koren Soja da Jif ɗin Baba Saje

Ku da kuke shigowa gareji yanzu, kun tarar ana karanta lambar kala a jikin mota, a kai wa mai shago, na'ura ta haɗa, shi ya sa kuke cewa fenti ai fesawa ce kawai. Fesawa ita ce ƙarshen aiki, kuma ita ce mafi sauƙi. Shekara uku na yi a hannun maigidana Malam Ɗanjuma, a nan Gyaɗi-Gyaɗi, ban taɓa bindigar fesawa ba. Samfefa ce da bokitin ruwa, daga safe har la'asar, har fatar yatsuna ta siɗe. In na ce na gama, sai ya rufe ido ya shafa jikin motar da tafin hannu, ya tsaya a inda na yi ha'inci, ya wuce bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi mari ciwo.

Abin da na fi koya a wurinsa shi ne rashin yarda. Kada ka yarda da gwangwanin da ba a gabanka aka fasa shi ba. Kada ka yarda da kala da tsakar rana, sai ka gan ta da safe ka kuma gan ta da yamma. Tina, wato ruwan tsinka fenti, ka sansana ta, don akwai masu surka ta da kananzir. Fenti ka tace shi da tsohon ɗankwali mai shara-shara, ko da daga Ingila aka ce an kawo shi. Mai mota kuwa, ka saurare shi da ladabi, sannan ka je ka tambayi motar.

Wannan na ƙarshen shi ne na yi wa sakaci a shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata, shekara guda kafin soja su miƙa mulki. Wani mutum mai tsabta, mai askin bariki, ya kawo a-kori-kura fara ya ce in mayar da ita koren soja. Ya ce shi hafsa ne, motar aiki ce, masu fentin bariki ne aiki ya yi musu yawa. A wancan zamani wa ke tambayar mai kaki takarda? Na fesa, ta yi kyau, ya tafi. Bayan wata biyu aka kama motar a hanyar Zariya, ashe shingen ƙarya ake kafawa da ita ana tare fatake. Da aka matsa wa ɗaya daga cikin waɗanda aka kama da ita, ya faɗi inda aka yi fentin. Sati uku na yi a tsare kafin mai unguwa da limaminmu suka tsaya mini aka sake ni. Na dawo na tarar an kwashe kwamfiresata a matsayin shaida, kuma ba ta dawo ba har yau. Masu motocin da ke hannuna kowa ya zo ya janye tasa. Rabin shekarar nan ƙofofin gida da tagogi na riƙa fentawa da buroshi a Daurawa. Na yi rantsuwa kore ba zai ƙara shiga bindigata ba, ko da na motar kayan miya ne.

To, damina ta farko bayan farar hula sun karɓi mulki, na samu kwamfiresa ta hannu na fara farfaɗowa, sai ga wata tsohuwar jif an jawo ta da igiya. Irin masu jikin alminiyam ɗin nan ce, masu tayar sifiya a kan bonet. An shafe ta da wani kore mai kama da miyan kuka, kana ganin sawun buroshi tun daga nesa. Bayanta wani dattijo na tafe yana ɗingishi. Ya ce sunansa Imanu, amma Saje ake ce masa, tsohon direban soja ne, mutumin kudu, a Ƙauyen Alu yake zaune da 'yarsa da ke aikin jinya a asibitin koyarwa. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya ce wannan motar ita ya tuƙa a yaƙin basasa, ya tsince ta a wurin masu gwangwan, ya saye ta da kuɗin sallamarsa, yana so in mayar mata da kalarta ta asali.

Na ce masa ba na fentin kore. Ya ce an gaya masa, an kuma gaya masa dalili, shi ya sa ma ya zo, don wanda wuta ta taɓa ƙonawa ba ya wasa da aiki. Wannan magana ba ta kwanta mini ba. Wancan hafsan ƙaryar ma da yabo ya fara.

A lokacin garin cike yake da irin waɗannan mutane. An sallami sojoji da yawa, wasu na gaske, wasu kuwa ba su taɓa ganin ƙofar bariki ba amma suna da kaki a ƙasan akwati. Ga gwanjon tsofaffin motocin gwamnati ko'ina. Kuma doka ta hana farar hula hawa titi da kalar soja. Na ce ya kawo takardar sayen motar da ta sallamarsa, kuma a gaban mai unguwa za mu yi magana. Na ɗauka ba zai dawo ba. Washegari ya dawo da takardu a cikin leda, mai unguwa ya duba ya ce shi bai ga aibu ba, amma ni zan fesa, ni zan ɗauki abin da ya biyo baya. Duk da haka na bi sawu har Ƙauyen Alu na tambayi mai shayin layinsu. Ya ce tabbas akwai tsoho mai ɗingishi, ba ya shiga harkar kowa, kullum yana ƙofar gida yana goge takalmi.

Takarda ana bugawa, mai shayi ana saye, saboda haka na shirya masa jarrabawa irin tamu. Akwai wani mai shagon fenti a Tarauni, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan, wanda in ka tambayi koren soja sai ya leƙa hagu da dama, ya shiga ciki ya fito da gwangwani marar takarda, ya raɗa maka cewa daga sito na bariki ya fito. Na sayi ƙarami. Da na buɗe, warin kananzir ya doke ni: fentin ƙofa ne aka zuba wa baƙi da rawaya, aka kashe masa ƙyalli da hoda. Amma a ido kalar motocin soja ce ta wannan lokacin sak, dushi-dushi, ba ta ɗaukar ido. Na fesa a gutsuren kwano na ajiye. Lissafina shi ne, mai son tare hanya kalar yau yake nema, don ita mutane ke tsoro. In ya ce ta yi, zan ce ya janye motarsa.

Ya ɗauki kwanon ya kai shi rana, ya juya, ya jefar a ƙasa.

"Wannan na yaran yanzu ne," in ji shi. "Namu ya fi duhu, kuma yana sheƙi. Kamar tsohon ganyen mangwaro in ruwa ya wanke shi. Muna ganin fuskarmu a ciki muna gyara hula."

Ni ban taɓa jin koren soja mai sheƙi ba. Na ce a raina, ko tsohon nan gaskiya yake faɗi, ko kuwa ya fi wancan iya ƙarya. Hanya ɗaya ce ta sani, in tambayi motar.

Ga yadda ake yi, ku riƙe. Ba a kankare fenti da wuƙa. Samfefa mai laushi za ka jiƙa, ka riƙa zagaya wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, tsakiya ta fi zurfi, har kowace shafa ta fito da da'irarta kamar an yanka albasa. Mu taga muke ce mata. A motar ƙarfe kana iya bin jiki da maganaɗisu ka gane inda aka cika fila, ƙullun nan na toshe rami, amma alminiyam ba ya kama maganaɗisu, sai dai ka ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ka saurara. Na buɗe taga a bonet. Koren buroshi a sama, ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashinsa fari, sannan wata kala mai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, sai farin ƙarfe. Babu kore. Na buɗe a kan madigadi, haka. Na cire kujera na duba akwatin ƙarƙashinta, inda rana ba ta taɓa shiga ba kuma ba mai fentin da ke wahalar da kansa ya kai hannu: ruwan ƙasa. A gefen baya da na ci gaba da gogewa sai ga kan saniya ya fito, da guntayen haruffa. Motar masu allurar shanu ce.

Sai a sannan na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Sitiyarinta a hagu yake. Motocin zamanin yaƙi a dama nasu yake, don sai bayan yaƙi aka sauya hannun tuƙi. An juya wa motoci da yawa sitiyari daga baya, gaskiya ne, amma juyi yana barin tabo: ramukan da aka toshe, da waldar da ba ta kamfani ba. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Ba tabo ko ɗaya. Wannan mota an ƙera ta bayan an gama yaƙin.

Na zauna a kan taya ina jujjuya abin. Ko tsohon ya sani yana so ya yi amfani da ni, ko kuwa shi aka cuta. Da ya zo da yamma ban nuna masa komai ba, na tambaye shi yadda aka yi ya gane motarsa cikin tarin gwangwan, alhali duk kamarsu ɗaya. Ya ja ni zuwa ƙofar dama. Ya nuna mini maƙalar ƙofar ta sama, ya ce ta taɓa karyewa a daji, shi da kansa ya ɗaure ta da ƙusar gadar katako ya lanƙwasa kanta. Ƙusar na nan, fenti ya bi ta kanta. Ya sa yatsa ƙasa kaɗan da hannun ƙofar ya ce in ƙwanƙwasa nan. Na ƙwanƙwasa, sauti ya mutu, fila ce. Ya ce ta nan harsashi ya shiga ya same shi a cinya, yana ɗauke da mutum huɗu masu rauni a baya, bai tsaya ba sai da ya kai su. Mai gwangwan kuma ya ce masa an juya sitiyarin ne.

Bayan ya tafi na buɗe taga a ƙofar. Koren buroshi, ja, toka, sannan wani abu mai duhu. Na wanke, na sa man gogewa na murza da tsumma. Sai ga shi ya taso, kore mai duhu, mai sheƙi, na ga inuwar fuskata a ciki. Na tono filar a hankali, ga rami zagayayye, bakinsa ya lotsa ciki.

Da safe na tafi wurin mai gwangwan ɗin, wani Ɗanladi, a bayan Daurawa. Da farko ya rantse motar soja ce tun daga taya har rufi. Da na lissafa masa kalolin ɗaya bayan ɗaya har na kai kan saniya, sai ya yi dariya. Ya ce motar ta zo masa ba ƙofar dama, ya ɗauko wata a cikin tari ya ɗaura. Tsoho ya zo neman wani abu daban, ya ga ƙofar ya ce zai sayi motar. Shi Ɗanladi ya ce masa ya dawo jibi, kafin jibi ya sa an shafe motar da kore. "Ni ƙarfe nake sayarwa, Malam Garba," ya ce, "ba tarihi ba."

Da na koma gareji na tarar da 'yar tsohon tana jirana da fararen kayan aiki. Sista Rut ake ce mata, a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ta ga tagogin da na buɗe, kuma ma'aikaciyar jinya ba a ɓoye mata ciwo. Na gaya mata komai. Ta ce tun farko ta yi zargi, don kuɗin da aka karɓa ya yi yawa, amma tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ga abin da ya tashe shi daga kujera ba sai motar nan, kuma zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ta roƙe ni in fesa koren in yi shiru.

Na ce mata ba zan iya ba, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba, kada in yi muku ƙarya. In motar soja ce ta gaske, da takardunta, ina da abin faɗa in an tare shi. Amma in ɗauki motar shanu in sa mata kaki, in an bincika, wa zai yarda ban sani ba? Ni da na taɓa shiga hannun hukuma? Ta ce to in bari sai tana wurin in gaya masa.

Mun gaya masa a inuwar darbejiya, ita tana riƙe da hannunsa kamar mai gaisuwa, ni na san bugun jini take ji. Bai yanke jiki ya faɗi ba. Ya dube ni ya tambaye ni nawa na yi niyyar saye in ya ce ya fasa. Ya ce ya san halin masu gareji, a kushe maka mota a karɓe ta a banza, bayan wata uku ka gan ta a hannun wani alhaji. Ban yi fushi ba, don ni ma kwana goma na yi ina masa kallon ɗan fashi. Na miƙa masa samfefa da bokiti na ce ya zaɓi duk inda yake so.

Ya cire riga ya durƙusa da ƙafar nan tasa. Ya goge bayan motar, ya goge rufi, ya goge cikin akwatin batir, wuraren da ni ban taɓa ba, don kada a ce na shirya su. Tun azahar har aka kira la'asar. Ko'ina ruwan ƙasa. Na je na yi salla na dawo na same shi zaune a ƙasa ya jingina da ƙofar dama, yatsansa a cikin ramin. 'Yarsa ta ce su je su kama Ɗanladi. Ya ce a bar shi, ɓarawo ne, amma shi ya adana masa ƙofar, da wani ne da tuni an narkar da ita an yi tukwane.

"Malam Garba," ya ce, "wannan mota bai je yaƙi ba, kada ka sa masa kayan da ba nasa ba. Ka ba shi kalarsa na shanu. Ƙofa kuma ka ba shi nasa."

Na ce mota kala biyu za a yi mini dariya a garin nan. Ya ce shi an yi masa dariyar ɗingishi shekara talatin, bai mutu ba.

Ruwan ƙasan bai ba ni wuya ba, fari ne da rawaya da ɗigon baƙi, kwana ɗaya na kama shi. Koren ne ya sha ni. Babu shi a kowane shago, kuma duk wanda na tambaya sai ya fito mini da miyan kukan nan yana raɗa. Dole na haɗa da kaina, da fentin mota na gaske wanda aka fasa a gabana. Na fara da kore da baƙi, ya fito kamar allon makaranta. Na ƙara rawaya, ya koma kunun kuka. Kowane gwaji sai na fesa a gutsuren alminiyam, ba kwano ba, a kan irin shafar farko da zan yi wa ƙofar, in bari ya bushe kwana guda, don kore yana ƙara duhu in ya sha iska. Sannan in kara shi da tagar da safe, in sake karawa da yamma. Saje na zaune a benci, in na ɗaga ya girgiza kai. Na yi goma. A na sha ɗaya na tuna Malam Ɗanjuma ya taɓa cewa koren da ya ƙi zama, ja yake nema. Na tsoma tsinken tsintsiya a ja na ɗiga uku. Da ya bushe na ɗora a kan tagar, na kasa gane inda gutsuren ya ƙare. Saje ya tashi ya zo ya sunkuya, ya gyara hularsa a ciki, ya koma ya zauna.

Shafa huɗu na yi wa ƙofar, ina gogewa da ruwa a tsakani. Ramin ya ce kada a cike, na bi bakinsa da ƙaramin buroshi. Ƙusar ma na bar ta yadda take.

Dariya kuwa an yi. Makanikan layinmu suka ce fenti ne ya ƙare mini. Wani mai tasi ya fasa ba ni aiki, ya ce ba ya son motarsa ta fito kamar akuya mai ƙyalle. Har mai unguwa ya aiko a tambaye ni ko wata alama ce ta 'yan siyasa. Amma ba ɗan sandan da ya taɓa tare ta, don ba mai ganin motar ya ce ta soja ce. Shekara shida Saje yana kai 'yarsa asibiti da safe a cikinta, ran Lahadi ya tafi coci. Shi yana tuƙi a hagu, ita tana zaune a jikin ƙofarsa.

Da ya rasu, Sista Rut ta sayar wa wani mai gona, don ba ta tuƙi. Mai gonar bai san komai ba, ya kawo mini ita ya ce in daidaita masa wannan ƙofar da sauran jiki, wani sakaran mai fenti ya ɓata ta. Na ce na san sakaran. Na ce ya ba ni kwana uku. Na koma wurin Ɗanladi, ya tsufa amma hali na nan, na zaɓi wata ƙofar dama, na buɗe mata taga a gabansa kafin in biya. Na fenta ta ruwan ƙasa na ɗaura wa mai gona, ya tafi yana murna.

Koriyar kuwa na naɗe ta da tsohon bargo na kai Ƙauyen Alu a bayan a-kori-kura. Sista Rut ta buɗe bargon a tsakar gida. Sannan ta tambaye ni da me ake goge ta. Na ce ruwa zalla da tsumma mai laushi, kada sabulun gari ya taɓa ta, kuma a kawar da ita daga rana. Ta ce in taya ta ɗauka. Muka shigar da ita ɗakin tsohon, muka jingina ta da bango kusa da takalmansa.